Kwando 16 Na Tuffa A Tsakiyar Damina: Yadda Wani Gida A Bukuru Ya Yi Da Rarar Amfaninsa

Gidan da bishiyoyin, 2015 zuwa 2022

Gidan yana bayan garin Bukuru ne, a kan hanyar da ta nufi Vom, a Jihar Filato. Maigidan tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Yana zaune da uwargidansa da matar ɗansu da jikoki huɗu, sai kuma 'yar autarsu da ke karatu a Jos, wadda ke zuwa gida idan an yi hutu. A bayan ɗakuna akwai fili da aka zagaye da katanga, ana shuka karas da kabeji a gefe ɗaya, awaki uku da kaji kuma suna yawo a ɗaya gefen.

A shekarar 2015 ya dasa tuffa guda 9 masu aure: 6 irin Anna, 3 irin Dorsett Golden. Zaɓin ba na ganin dama ba ne. Bishiyar tuffa tana buƙatar ta sha sanyi kafin idanunta su buɗe su yi fure, kuma yawancin ire-iren da ake nomawa a Turai suna neman awa 800 zuwa 1,000 ko fiye na sanyin da bai haura digiri 7 ba. Anna, wadda Abba Stein ya samar a Ein Shemer ta ƙasar Isra'ila, awa 200 zuwa 300 sun ishe ta. Dorsett Golden kuwa daga tsibiran Bahamas ta fito, inda babu wani sanyin kirki, kuma ana dasa ta kusa da Anna domin furanninsu suna buɗewa lokaci guda, ƙudan zuma su riƙa kai garin fure daga wannan zuwa waccan. Tsaunin Jos yana da tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma dararen hunturu na Disamba da Janairu suna ba irin waɗannan bishiyoyi ɗan abin da suke nema.

Bishiyoyin sun fara ba da 'ya'ya a shekara ta uku. Daga nan har zuwa 2022 abin da ake samu bai taɓa wuce kwando 4 ko 5 ba, kwandon da idan aka ɗora a sikeli yake kai wa kilo 20. Wannan adadin ba ya buƙatar wata dabara: yara su ci, a kai wa maƙwabta, a aika wa 'yan uwa a Bauchi da Kaduna, shi ke nan. A 2022 ma kwando 2 kacal aka samu. Saboda haka ba a taɓa koyon adana tuffa a gidan ba, kuma ba a taɓa rage 'ya'ya a kan reshe ba.

Fabrairu zuwa Mayu 2023

A ƙarshen Fabrairu bishiyoyin suka yi furen da ba a taɓa gani ba. Abu biyu ne suka haɗu. Tuffa tana da ɗabi'ar hutawa shekara guda ta yi lodi a mai zuwa, kuma ƙarancin 2022 ya bar mata ƙarfi a jiki. Sannan wani maƙwabci ya kafa amya biyu a bayan katangarsa a wannan hunturun. Kusan kowane gungun fure ya kama, wani 'ya'ya huɗu, wani biyar.

Wani ma'aikacin gona da ya biyo ta gidan a watan Afrilu ya ba da shawarar a tsinke ƙananan tun suna kamar girman goro, a bar ɗaya ko biyu a kowane gungu. Maigidan bai yarda ba. A ganinsa zubar da abin da Allah ya bayar tun bai nuna ba butulci ne. Sai ya sa aka sari gora aka tokare rassan da suka sunkuya. Duk da haka a watan Mayu iskar hadari ta karya manyan rassa biyu na Anna.

20 zuwa 30 ga Yuni: tsinka da Babbar Sallah

Tuffar ta fara zubowa da kanta wajen 20 ga Yuni. Ana saura kwana huɗu Sallah, wadda ta kama ranar Laraba 28 ga wata, maigidan ya sa jikoki da yaran unguwa suka hau suka kakkaɓe bishiyoyi huɗu da gora domin a samu na rabo. A yini biyu aka tara kwando 7. An zuba duka a wuri ɗaya: wadda aka tsinka da hannu, da wadda ta faɗo ta bugu da ƙasa, da wadda ta kwana a ƙasa inda awaki ke yawo.

Rabon ya yi amfani ƙwarai. Duk gidan da aka kai wa naman layya an haɗa masa da ledar tuffa, baƙin Sallah ma kowa ya tafi da nasa. A wannan makon kusan kwando 3 suka fita. Amma Sallar ta zo da nata cikas: firjin gidan, wanda shi ne kaɗai wuri mai sanyi na gaske, ya cika maƙil da nama, hannuwan matan gida kuma duk suna kan suya har kwana uku. Kwando 4 suka zauna a ɗakin ajiya babu mai duba su, alhali wasu bishiyoyi biyar suna nan da lodinsu, suna nuna a hankali.

1 zuwa 12 ga Yuli: ajiya da kasuwa

Ranar 1 ga Yuli uwargidan ta buɗe ɗakin ajiya ta ji wari mai zaƙi-zaƙi. Da aka juye kwandunan, sai aka tarar na ƙasa sun yi laushi, sun yi tabo ruwan ƙasa, wasu da fumfuna mai launin shuɗi-shuɗi a tsakiyar tabon. Ba su kaɗai suka lalace ba. Kabejin da ke gefe ya yi rawaya, karas ɗin da aka yi miya da shi kuma ya yi ɗaci.

Dalilin sananne ne. Tuffa tana fitar da wata iska da ba a gani, mai suna etilin, wadda ke hanzarta nunar 'ya'yan itace. Wadda ta bugu ko ta fara ruɓa tana fitar da ita fiye da lafiyayya. A rufaffen ɗaki iskar tana taruwa, ta tura sauran tuffar zuwa nuna, ta mayar da ganye rawaya, ta sa karas ɗaci. Fumfunar kuwa ta inda fata ta fashe take shiga, daga nan ta bi jiki zuwa jiki.

Matakin farko shi ne tantancewa. Aka ware marasa tabo, aka naɗe kowace a takardar jarida, aka jera su layi ɗaya a cikin kwalaye a ɗaki mafi sanyi, aka bar taga a buɗe. Wannan ita ce hanyar da ake ajiye tuffa wata da watanni a ƙasashe masu sanyi, kuma ta hana ruɓa yaɗuwa. Abin da ba ta hana ba shi ne lalacewar nama. Bayan kwana 10 zuwa 12, Anna ɗin da ke da kyau a ido ta zama gari-gari a baki, ba ruwa, ba garɗi. Anna tuffa ce mai nuna da wuri, kuma irin waɗannan ba sa jimirin ajiya. Tuffar da ake ajiyewa ta daɗe tana son sanyin digiri 0 zuwa 4 da iska mai laima sosai, ɗakin kuwa yana tsakanin digiri 20 da 24.

An gwada tukunya cikin tukunya, dabarar nan da Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Sanyinta daga ƙafewar ruwan yashin yake zuwa, shi ya sa take aiki a busasshiyar iskar bazara ta Dutse ko Gumel. A Bukuru cikin Yuli, iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Yashin bai bushe ba ko sau ɗaya, hannu ma bai ji bambanci tsakanin ciki da waje ba, kuma laimar ta ƙara wa fumfuna ƙarfi. Aka bar wannan bayan kwana biyar.

Firji ya ɗauki kilo 12 kawai, kuma wutar lantarki ba ta tsayawa. Tayar da janareta domin tuffa bai taso ba: an janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Wadda ke cikin firjin ta kai mako huɗu da ɗan ƙarfinta, ita ce ta fi kowace daɗewa ɗanya.

Sai kasuwa. Ɗan maigidan ya kai kwando 2 kasuwar kayan gwari ta Farin Gada a Jos. Masu sayar da 'ya'yan itace sun saba da tuffar Afirka ta Kudu, mai zuwa a kwali, girmanta ɗaya, tana sheƙi, tana kwana da kwanaki a kan tire. Ta gidan ƙanana ce, saboda ba a rage ta a reshe ba, wasu da tabon gora. An saya, amma da aka cire kuɗin mota abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ba a sake kai wa ba.

A cikin waɗannan kwanakin an ƙara tsinko kwando 5, wannan karon da hannu, bisa umarnin uwargidan: a tallabo tuffa a ɗaga ta sama a ɗan murɗa, idan ta rabu da reshe da ƙaramin kararta to ta isa, idan ta ƙi a bar ta. An hana hawa da gora.

8 zuwa 15 ga Yuli: shanya a rana

Gidan da ya saba da kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa dole tunaninsa ya je kan shanya. Aka yayyanka kilo 25, aka baza a kan tabarmi da faifai a tsakar gida. Cikin rabin awa yankan ya yi ja-ja, domin naman tuffa da zarar ya haɗu da iska yake sauya launi. Wannan ba komai ba ne in ban da muni. Matsalar ita ce rana. A Yuli da Agusta ne ruwan Jos ya fi yawa, kuma a wannan makon rana ba ta wuce awa biyu ko uku kafin hadari ya haɗo. A kwashe a shiga ɗaki, a fito a sake bazawa. Kashi 85 cikin 100 na tuffa ruwa ne, kuma ga zaƙi. Tumatir ɗin da ake shanyawa a Kadawa ta Jihar Kano cikin rani yana samun rana tun safe har yamma da iska mai tsotse ruwa; wannan bai samu ko ɗaya ba. A rana ta uku yankan ya yi yauƙi, ƙudaje da ƙananan ƙwari suka rufe shi, a ta huɗu fumfuna ta fito. Aka zubar da duka.

Ba a ba awaki ba, kuma da gangan. Tun a makon Sallah wata akuya ta ci tuffar da ta zubo ta ƙoshi, cikinta ya kumbura, ta kwana biyu ba ta tuƙa. Abu mai zaƙi da yawa a lokaci guda yana tsamar da tumbin dabba mai tuƙa. Daga nan ake ɗaure su, ana ba su 'yan yanka kaɗan a kan harawa.

16 zuwa 29 ga Yuli: tandar burodi

Matar ɗan ce ta kawo shawarar. A ƙarshen layinsu akwai gidan burodi mai tandar bulo da ake hura wa itace. Ana gama gashi da yamma, tandar kuma tana riƙe ɗumi har asuba ba tare da tana yi wa kowa aiki ba. Maigidan ya je ya yi magana da mai gidan burodin, suka daidaita a kan za a riƙa ba ma'aikatansa tuffa, ba kuɗi ba.

Daren farko an yi gaggawa. An saka farantan awa ɗaya bayan an kwashe burodi, da safe aka tarar gefen yankan ya ƙone, bayansa ya yi tauri, cikinsa kuma da ruwa. Zafi mai yawa yana rufe fatar yanka kafin ruwan ciki ya samu hanyar fita. Abin da ake so shi ne digiri 55 zuwa 60, na tsawon awa 8 zuwa 12, da ƙofar da iska za ta bi ta fita da tururi. 'Yar autar, wadda ta zo hutu, ta zo da ma'aunin zafi na girki. Da shi aka gane cewa tandar ba ta saukowa digiri 60 sai wajen ƙarfe 10 na dare. Wani ma'aikacin gidan burodin ya ce shi ba ya buƙatar ma'auni: idan ya zura hannu ya iya ƙirga 20 a natse, to ta yi.

Tsarin da aka zauna a kai shi ne wannan. Bayan sallar Magariba mata uku su zauna da wuƙaƙe da manyan robobi. A wanke tuffa, a cire tsakiyar mai ƙwallo, a yanka da kaurin da bai wuce rabin santimita ba, ba a feraye bawo. Kowane yanka ya faɗa cikin ruwan da aka sa wa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a kowace lita da ruwan lemun tsami biyu, ya yi minti 10, a tsame a tsane a rariya. Wannan ne ya hana shi yin ja. Maimakon farantan burodi, aka sa kafinta ya buga firam huɗu na katako da ragar waya irin ta taga, domin ɗumi ya ratsa ta ƙasa da sama. Ba a ɗora yanka kan yanka. A saka ƙarfe 10, a bar ƙofar tanda a ɗan buɗe da guntun bulo, a kwashe bayan sallar Asuba kafin a hura wutar gashin ranar.

Gwajin bushewa a hannu yake. A bar yanka ya huce, a lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba, idan aka yaga shi aka matsa kada a ga ɗigon ruwa. Wanda bai kai ba ya koma daren gobe. Bayan nan akwai matakin da mutane da yawa ke tsallakewa. A zuba busasshiyar a kwalba, kada a cika ta, a rufe, a riƙa girgizawa kullum har mako guda. Masu sauran laima suna raba ta da waɗanda suka bushe ƙarau, kuma idan gumi ya bayyana a jikin kwalbar, an san ba a gama ba. Kwalba biyu sun nuna gumi, aka mayar da su tanda.

Kowane dare firam huɗun suna ɗaukar kilo 6 zuwa 7. A ƙarshen wata kilo 60 na ɗanyar tuffa ya koma kilo 8 na busasshiya. Wadda ta riga ta yi gari-gari ba ta yankuwa da kyau, sai aka dafa ta da ɗan ruwa, aka tuƙe, aka shimfiɗa siriri a kan farantin da aka shafa wa mai, ta bushe ta zama falle ana naɗewa. Jikoki suka sa mata suna kilishin tuffa, kuma ita ce ta fara ƙarewa.

Kwando 4 na ƙarshe an tsinko su a wannan tsakanin, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da tanda da tukunya za su iya ɗauka a ranar.

20 ga Yuli zuwa tsakiyar Agusta: jam da markaɗe a kwalba

Tukunyar farko ta jam, wato tuffar da ake dafawa da sikari ta yi kauri a shafa wa burodi, 'yar autar ce ta yi, tana bin ƙa'idar da ta karanta cewa jam yana kamawa a digiri 105. Ta tsaya da ma'auninta tana jira, lambar ta ƙi hawa, tana ta juyawa, har abin ya yi duhu. Da ya huce sai ya daskare, cokali ma ba ya shiga. Uwar ta leƙa tukunyar ta ce, "Auta, alewa kika yi mana." Laifin ba na ma'auni ba ne. Ƙa'idar 105 ta bakin teku ce, inda ruwa ke tafasa a digiri 100. Kowane hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya, don haka a tsaunin Jos ruwa yana tafasa wajen digiri 96, jam kuma yana kamawa wajen 100 zuwa 101. Daga nan aka koma gwajin faranti: a ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, a jira minti ɗaya, a tura da yatsa, idan samansa ya tattare ya yi.

Tukunya ta biyu ta kama daidai, amma uwargidan ta rage sikari zuwa rabi saboda tsada, aka zuba a kwalaben da aka wanke da sabulu kawai, wasu da murfi mai tsatsa. Bayan mako uku farar fumfuna ta rufe saman kwalba biyar. Sikari a jam ba don zaƙi kaɗai ake sa shi ba. Sai ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na abin da aka gama kafin ya hana ƙwayoyin ruɓa samun ruwan da za su rayu da shi. Tukunya ta uku an yi ta da giram 750 na sikari ga kowane kilo na tuffa, da ruwan lemun tsami uku, da ɗan kanumfari da citta. An ɗaure bawo da tsakiyar tuffar a farin ƙyalle an dafa tare, domin a nan sinadarin da ke sa jam kauri ya fi yawa, haka kuma a tuffar da ba ta gama nuna ba. Wannan ta zauna lafiya.

Tunda sikari ne ke cin kuɗi, sai aka karkata ga markaɗe, wanda ba ya buƙatarsa. A dafa tuffa da ɗan ruwa da lemun tsami har ta narke, a tace a rariya, a mayar wuta ta tafasa, a zuba da zafinta a kwalaben da aka tafasa minti 15, a bar tazarar yatsa ɗaya a sama, a goge baki a rufe. Sannan a jera kwalaben a babbar tukunya da tsumma a ƙasa, ruwa ya rufe su, a tafasa: minti 20 ga kwalbar rabin lita, minti 30 ga ta lita ɗaya. Waɗannan mintunan sun fi na bakin teku, saboda dalilin tsayin da aka ambata. Tafasa a ruwa ta wadatar ne kawai domin tuffa tana da tsami; nama ko wake ko kuɓewa ba a yi musu haka, guba mai kisa tana iya tsira a ciki. Washegari a danna tsakiyar murfi. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya kama. Cikin kwalba 31, guda 7 ba su kama ba, duk masu tsohon murfi, aka shanye su a kunu da koko cikin kwana uku.

Agusta zuwa Satumba: ruwan tuffa da khal

Maigidan ya so a matse wadda ta zubo ƙasa da mai tabo a yi ruwan sha, kada a yi asara. 'Yarsa ta hana, da hujja biyu. Shuɗiyar fumfunar tuffa tana haifar da guba mai suna patulin, wadda tafasa ba ta kashe ta, kuma ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda ta wuce maikrogiram 50 a kilo ɗaya na ruwan tuffa ba. Sannan tuffar da ta kwanta inda dabbobi ke kashi tana iya ɗaukar ƙwayar cutar E. coli, a 1996 ruwan tuffar da ba a dafa ba ya kwantar da mutane da dama a Amurka, yarinya ɗaya ta rasu. Aka tsaya a kan cewa mai ƙujewa kawai a yanke wurin a yi jam da sauran, mai fumfuna kuma a binne ta. Ruwan da aka yi daga lafiyayyar tuffa ne, an ɗora shi a wuta ya haura digiri 71, an sha cikin kwana biyu.

Khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega, ya jawo tattaunawa. Ana sayen khal tuffa da tsada a shagunan magungunan Musulunci, ga kuma tarin bawo da tsakiya da ake zubarwa kullum. Amma hanyar yin sa tana bi ta wani mataki: sikari ya fara juyewa zuwa barasa, daga baya wasu ƙwayoyin da ke buƙatar iska su mayar da ita tsami. Maigidan ya tambayi limamin unguwa. Limamin ya kawo hadisin da Muslim ya ruwaito na yabon khal a matsayin mahaɗin abinci, ya ce wanda ya juye da kansa babu saɓani a kan halaccinsa, saɓanin malamai yana kan mutum ya ɗauki giya ya sarrafa ta da gangan. Gidan ya zaɓi ya zuba bawon da ruwa da ɗan sikari a babbar roba, ya ɗaure bakinta da ƙyalle, babu mai ɗanɗanawa har sai warin tsami ya tabbata. An tace bayan mako biyu, an bar ruwan wasu makonni shida. An samu lita 9. Ana sa shi a kwaɗo da wankin ganye, amma ba a adana wani abinci da shi, domin wannan yana buƙatar tsami kashi 5 cikin 100 kuma ba su da abin aunawa.

Lissafin Oktoba 2023

Kwando 16, wato kimanin kilo 320. An ci ɗanya ko an yi kyauta da kilo 90. An sayar da 40. An busar da 60. Jam da markaɗe sun ci 40, ruwan sha da khal 20. Kilo 70 sun lalace, kuma fiye da 60 daga ciki kafin 15 ga Yuli ne: na ɗakin ajiya da na shanya. Busasshiyar ta kai har azumin 2024, wanda ya fara a watan Maris, ana jiƙa ta a sa a kunun buɗa-baki. Markaɗen ƙarshe an buɗe shi a watan Afrilu, lafiya lau.

Shekarar 2024

Furen wannan shekarar bai kai na bara ba, kamar yadda aka zata. Duk da haka a watan Afrilu maigidan da kansa ya bi rassan ya rage 'ya'yan, ya bar ɗaya ko biyu a gungu, da tazarar kamar faɗin tafin hannu. An samu kwando 6, tuffar ta fi girma, babu reshen da ya karye. An tsinka da hannu sau biyu a mako, ana ware kashi uku tun a gindin bishiya: ta ci da kyauta, ta tanda, ta tukunya. An yi magana da mai gidan burodi tun watan Mayu, an sayi sababbin murafai. Abin da ya lalace bai cika rabin kwando ba.

Hukunci

Yawan tuffar ba shi ne ya jawo asarar ba. Mafi yawan kilo 70 ɗin sun tafi ne a mako uku na farko, lokacin da gidan ke ƙoƙarin ajiye Anna ɗanya, abin da irin ba ya yi, da kuma busar da ita da ranar da babu. Duk dabarar da ta gaza ta dogara ne da sanyi ko busasshiyar iska: ɗaki, tukunyar yashi, firji, tabarma. Babu ɗaya daga cikin biyun a Bukuru cikin Yuli. In ban da khal, duk wadda ta yi aiki wuta ce a bayanta, kuma tandar ta fi sauran domin ɗuminta an riga an biya kuɗinsa, ba ta cin sikari, ba ta neman murfi.

Kakkaɓewa da gora ita ce kuskure mafi tsada, domin ta mayar da kwando 7 masu rauni a makon da babu hannun da zai taɓa su. Da an bar su a reshe an riƙa tsinka gwargwadon buƙatar rabon Sallah, da bishiyar ta riƙe mafi yawansu na wasu kwanaki. Ƙin rage 'ya'ya a Afrilu kuma shi ya haifar da ƙananan tuffar da kasuwa ta raina da rassan da suka karye, ya kuma rage amfanin shekara mai bi.

Jam, a ganina, bai cancanci wahalarsa a wannan gidan ba: sikarin da ya ci ya fi ƙimar tuffar da ya ceta, kuma ba gida ne mai yawan cin burodi da jam ba. Markaɗe ya fi shi ta kowace fuska, sai dai rauninsa murfi ne, tunda kusan kwalba ɗaya cikin huɗu ta ƙi kamawa da tsohon murfi. Sakamakon 2024 kuma bai isa hujja ba tukuna, domin shekarar hutu ce. Firam huɗu a tanda ɗaya ba sa wuce kilo 7 a dare, wato kwando ɗaya a dare uku, kuma idan lodi irin na 2023 ya dawo, sai an ninka firam ɗin ko an nemi tanda ta biyu kafin watan Yuni.